LADUBBAN SUKA A HARSHEN HAUSA: NAZARI A KAN SUKAR LEƘEN ASIRIN HUKUMA

1.0 GABATARWA

A Akurba, da ke gefen garin Lafiya a kan hanyar Shendam, kamar a sauran garuruwan Jihar Nasarawa, Hausa ce harshen da Eggon da Alago da Gwandara da Barebari da Fulani da Tibi suke haɗuwa a cikinsa idan an zo kasuwa ko tasha ko majalisar hira. Da ita ake yabon gwamnati, da ita kuma ake sukar ta. Tun daga watan Disamba na shekarar 2020, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, wata tambaya ta shigo bakin jama'a, wato ko wane ne ke iya sanin wanda mutum ya kira, da inda yake, da abin da ya rubuta.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa harshen Hausa yana da ma'aunan da za a iya auna irin wannan suka da su, a cikin kalmominsa da ginin jimlolinsa. Za a fara da ma'anar asiri da leƙensa, sannan a rarrabe suka da danginta, a fito da ƙa'idoji biyar, daga ƙarshe a dubi inda ladabi ya tsaya da inda doka ta fara. Jimlolin da aka sa wa lamba marubuci ne ya gina su domin misali.

2.0 ASIRI DA LEƘENSA

2.1 Asiri a Tunanin Bahaushe

Kalmar "asiri" ararriya ce daga Larabci, amma ta yi saiwa mai zurfi a Hausa. Cikin addu'o'in da Bahaushe ya fi so a yi masa akwai "Allah ya rufa asiri". Idan aka ce wane yana da rufin asiri, ana nufin yana da abin da zai riƙe gidansa ba tare da duniya ta san ci da shansa ba. Tsarin gidan gargajiya ma ya bi wannan tunani: akwai zaure, akwai sallama, kuma baligin baƙo ba ya wuce zaure sai da izni. Shi kuwa "leƙe", daga aikatau "leƙa", kallo ne na wanda ba a gayyata ba, ta saman katanga ko ta kafar ƙofa.

Ke nan idan aka haɗa kalmomin biyu aka ce "leƙen asiri", an riga an yanke rabin hukunci, domin kowace daga cikinsu tana ɗauke da nauyin zargi. Duk da haka da wannan suna ake kiran hukumomin da doka ta kafa. Akwai wasu kalmomin da suka fi sauƙi, kamar "sa ido" da "bibiya" da "tattara bayanan sirri". Mai magana da ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ya nuna matsayinsa tun kafin ya kawo hujja, kuma ya kamata ya san cewa zaɓi ya yi.

2.2 Hukuma da Dokokinta

An kafa hukumar tsaro ta NSO a shekarar 1976 bayan kisan Janar Murtala Muhammad. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta rushe ta, ta maye gurbinta da hukumomi uku, ciki har da SSS, wadda Hausawa ke kiran jami'anta 'yan sandan farin kaya. Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya a sashe na 37, ya ba shi 'yancin faɗin ra'ayi a sashe na 39, sannan a sashe na 45 ya yarda a taƙaita waɗannan haƙƙoƙi da doka saboda dalilai irin su tsaron ƙasa da zaman lafiya, muddin dokar ta dace da tsarin dimokuraɗiyya.

Bayan wannan, Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan masu hulɗa da su har shekara biyu. A 2019 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta fitar da ƙa'idojin sauraren sadarwa, waɗanda suka ce sai da takardar iznin alƙalin Babbar Kotun Tarayya, in ban da halin gaggawa, inda za a iya fara aiki a nemi iznin cikin awa 48. A watan Afrilu na 2022 an hana layuka sama da miliyan 70 yin kira saboda ba a haɗa su da lambar shaida ba. A watan Yuni na 2023 kuma aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a. Waɗannan su ne abubuwan da mai suka zai riƙa, kuma wanda bai san su ba zai yi ta harbi a duhu.

3.0 SUKA DA DANGINTA

Hausa ba ta tara duk maganar da ba ta yi wa mai mulki daɗi ba a ƙarƙashin suna guda. Ga wasu daga cikin rabe-rabenta:

(a) Suka. Daga aikatau "soka" ta fito. Mashi wuri guda ake auna shi, haka ita ma suka tana da gurbin da ta nufa, wato wani aiki ko wata magana da za a iya nunawa.

(b) Nasiha. Gyara ne da ake yi domin amfanin wanda ake yi wa, sau da yawa a keɓe.

(c) Habaici. Magana ce mai harshen damo wadda ba a ambaci suna a cikinta ba. Wanda ya tsargu shi ya san da shi ake, shi ya sa ake cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

(d) Zambo. Muzantawa ce ta hanyar siffanta mutum yadda kowa zai gane shi, kamar yadda makaɗan fada kan yi wa abokan hamayyar ubangidansu.

(e) Zagi. Cin mutunci ne kai tsaye, wanda kan taɓa iyaye ko asali ko halitta.

(f) Ƙazafi. Jingina wa mutum laifin da bai yi ba, ko wanda ba a da hujjar ya yi.

(g) Giba da tonon silili. Faɗin abin da mutum ke ɓoyewa, ko da gaskiya ne, alhali jama'a ba su da wata buƙata a cikinsa.

A dubi waɗannan misalai:

(1) Hukuma ta karɓi bayanan kiran ɗan jarida ba tare da iznin kotu ba, wannan kuwa ya saɓa wa sashe na 37.

(2) Su wa'e an sami aikin yi, sai sauraren hirar matan mutane.

(3) Wane ɗan leƙen asiri ne, shi ya kai sunayenmu.

Jimla ta (1) suka ce, domin ta nuna aiki da mai aiki da ma'aunin da aka auna aikin da shi, kuma ana iya gaskata ta ko ƙaryata ta. Jimla ta (2) habaici ce. Tana rage zafin zuciya, amma ba wanda zai iya amsa ta. Jimla ta (3) ƙazafi ce matuƙar babu hujja. Duk ukun suna magana a kan abu guda, amma ta farko ce kawai za a iya kai wa gaban majalisa ko kotu a nemi gyara da ita.

4.0 ƘA'IDOJIN SUKA

Kirk-Greene (1974) ya lissafa halaye goma na mutumin kirki a wurin Bahaushe, daga ciki akwai gaskiya da amana da hankali da ladabi da mutunci da adalci. Ƙa'idojin da ke biye ba su fita daga waɗannan halaye ba.

4.1 Rarrabe Gani da Ji

Hausa tana da kalmomin da ke nuna matsayin mai magana game da labarin da yake bayarwa. "Wai" da "an ce" da "na ji" suna nuna labarin ba nasa ba ne. "Ga alama" da "mai yiwuwa" suna nuna hasashe. "Lalle" da "tabbas" suna nuna ya ɗauki nauyin maganar. Leƙen asiri kuwa aiki ne na ɓoye, saboda haka yawancin abin da jama'a ke faɗi a kansa ji ne ko hasashe. Matsalar ita ce idan saƙo ya bi ta hannu uku ko huɗu a waya, "wai" ɗin takan faɗi a hanya, sai hasashen mutum na farko ya zama tabbacin mutum na biyar.

Misali daga Lafiya zai bayyana wannan ƙa'ida. A watan Mayu na 2017 hukumomin Jihar Nasarawa suka rushe ginin gidan rediyo mai zaman kansa na Breeze FM. Gwamnati ta ce ginin ya saɓa wa ƙa'idojin fili da tsara gari. Mai gidan rediyon ya ce an yi haka ne saboda shirin da suka watsa a kan yajin aikin ma'aikata. A nan akwai magana uku: rushewa, wadda kowa ya gani, da kuma dalilai biyu, kowane da mai faɗinsa. Mai suka yana da damar ya nuna wanda ya fi gamsar da shi, ya kuma kawo abin da ya dogara da shi, amma amana ta wajabta masa ya bar "ta ce" da "ya ce" a gurabensu. Akwai kuma kishiyar wannan aibi, wato mutum ya san labari ƙarya ne ya manna masa "wai" don ya sami mafaka. Kalmar ba ta wanke wanda ya yi haka.

4.2 Ambaton Mai Aiki

Wakilin suna na "an" da "ana" yana ba mai magana damar faɗin aiki ba tare da mai aiki ba:

(4) Ana sauraren wayoyinmu.

Wannan jimla tana sa tsoro, ba ta kuma ɗora wa kowa alhaki. Wa ke saurare, 'yan sanda ko farin kaya ko soja? Wayar wa? Da iznin wane alƙali? Ƙa'idojin 2019 sun ba da hurumin yin waɗannan tambayoyi, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayani, ta sa wa'adin kwana bakwai a ba shi amsa, ko da yake ta ware wasu bayanan tsaro.

Sukar da ta yi tasiri a wannan fage duk mai ambaton mai aiki ce. A 2020 ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta fitar da rahoto a kan yadda 'yan sandan Nijeriya suka yi amfani da bayanan kiran waya wajen gano abokan hulɗar wasu 'yan jarida, suka bi ta kansu suka kama waɗanda suke nema. A Amurka ma, takardun da Edward Snowden ya fitar a 2013 sun nuna hukuma da irin bayanan da take tarawa, abin da ya kai ga dokar 2015 da ta taƙaita tara bayanan kiran jama'a a dunƙule.

4.3 Sukar Aiki da Barin Halitta

A watan Nuwamba na 2022 jami'an tsaro suka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, aka kai shi Abuja, aka gurfanar da shi, aka tsare shi a gidan yarin Suleja, saboda wani gajeren rubutu da ya yi da Hausa a Twitter watanni kafin nan. Rubutun yana tare da hoton uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, yana kuma danganta jikinta da cin dukiyar talakawa. An janye ƙarar a farkon watan Disamba bayan ƙorafin jama'a da na ƙungiyoyin ɗalibai.

Idan aka ɗora rubutun a kan ma'aunin sashe na 3.0, ya fi kusa da zambo, domin halitta ya taɓa, bai kuma nuna wani kuɗi ko wata kwangila ba. Ba abin koyi ba ne. Amma tambayoyin da suka biyo baya, wato ta yaya aka gano shi, da wane izni aka ɗauke shi daga Dutse, kwana nawa ya yi kafin a kai shi kotu, su ne sukar da ta cika sharuɗɗa. A wuri irin Lafiya, inda ƙabilu da addinai ke zaune tare, wannan ƙa'ida tana da ƙarin nauyi. Da zarar an ce "ai mutanen su wane ne ke wannan aiki", magana ta tashi daga kan hukuma ta koma kan maƙwabci.

4.4 Kada Mai Suka Ya Zama Mai Leƙe

Abin lura ne cewa aya ta 12 ta Suratul Hujurati, wadda malamai kan kafa hujja da ita a wannan babi, ta haɗa hani ga mummunan zato da binciken asirin mutane da giba a wuri guda. Wanda ya yi kukan an leƙa asirinsa, sannan ya watsa hoton gidan wani jami'i da lambar wayarsa da makarantar 'ya'yansa, ya aikata abin da yake kuka da shi. Aikin ofis na jama'a ne, suna da haƙƙin su bincika shi. Abin da ke bayan zauren jami'in kuwa nasa ne.

Haka nan laƙaba wa mutum sunan ɗan rahoto. A yankunan Zamfara da Katsina kalmar "infoma", wadda aka aro ana kiran masu kai wa 'yan bindiga labari da ita, tana iya jawo wa mutum asarar rai. Magana zarar bunu ce, jimla irin ta (3) idan ta fita ba ta komawa.

4.5 Yi wa Hukuma Adalci

Mutanen Lafiya ba su manta da abin da ya faru a ƙauyen Alakyo a watan Mayu na 2013 ba, inda aka kashe gomman 'yan sanda da jami'an farin kaya. Wanda ya san wannan ba zai ce hukuma ba ta da buƙatar bayanan sirri ba. Adalci shi ne a faɗi dalilin hukuma yadda ita kanta za ta yarda an faɗe shi daidai, sannan a auna shi.

A watan Janairu na 2019 sojoji suka shiga ofisoshin jaridar Daily Trust a Abuja da Maiduguri, suka kwashe kwamfutoci, suka kama ma'aikata, bisa zargin jaridar ta fallasa shirin farmakin ƙwato garin Baga. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Jihar Zamfara domin a hana 'yan bindiga sadarwa. A kowane ɗayan biyun akwai dalilin tsaro da ya cancanci a saurara, akwai kuma tambayoyi huɗu da suka cancanci amsa: wace doka ta ba da izni, shin babu wata hanya mafi sauƙi, shin matakin bai wuce gwargwadon matsalar ba, kuma wa zai binciki masu binciken? Mai yin waɗannan tambayoyi bai zama abokin gaba ba, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

5.0 IYAKAR LADABI DA IYAKAR DOKA

Akwai haɗari a cikin duk abin da ya gabata, wato mai mulki ya ɗauki waɗannan ƙa'idoji ya mayar da su sanda. Tarihi ya nuna haka ta sha faruwa. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, an ɗaure 'ya'yanta da dama a kotunan alƙalai na En'e bisa tuhumar zagin sarakuna, Hajiya Gambo Sawaba kuwa ta sha shiga kurkuku. Dokar Soja ta 4 ta 1984 ta haramta buga abin da zai jawo wa gwamnati ko jami'inta raini, da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda, kafin a soke ta a 1985. Sashe na 24 na dokar 2015, a sigarsa ta farko, ya sa aika saƙon ƙarya don ɓata rai ko cin fuska cikin laifuffukan da ke jawo ɗaurin da ya kai shekara uku. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2022 cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin ra'ayi, aka kuma yi masa gyara a 2024.

Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne narkar da rabe-raben sashe na 3.0 su zama abu guda, ta yadda suka da habaici da zambo duk za a kira su zagi. A al'adar Hausa hukuncin marar ladabi a hannun jama'a yake: a tsawata masa, a ƙi sauraren sa, girmansa ya zube. Ƙazafi ne ke da hurumin kotu, domin akwai wanda aka cuta, kuma Kundin Finalkod ya tanadi wannan a sassa na 391 zuwa 393. Idan wanda ake suka shi ne kuma zai yanke ko an yi masa ladabi, ba sukar da za ta tsira.

A nan ne aikin masana harshe ya shigo. Harshen manyan kotuna Ingilishi ne, maganar da ake tuhuma kuwa sau da yawa da Hausa aka yi ta, saboda haka fassara ce alƙali ke hukunci a kanta. Aikatau "ci" kaɗai ya isa misali. "Ya ci kuɗin jama'a" tana iya nufin sata, tana iya nufin almubazzaranci, a wani muhallin ma cin moriya kawai take nufi. Tafintan da ya zaɓi ma'anar sata ya riga ya tabbatar da rabin tuhuma. Wanda ya yar da "wai" ya mayar da mai ba da labari mai shaida. Wanda ya sa suna a gurbin "su wa'e" ya juya jimla ta (2) ta koma ta (3), alhali tsakanin su biyun akwai 'yancin mutum. Ya kamata sassan nazarin harsuna su tanadi ƙamus na kalmomin suka da danginta tare da misalan muhallinsu, su kuma shiga cikin horar da tafintocin kotu. Irin wannan aiki yana jiran Eggon da Alago da Tibi da sauran harsunan Nijeriya, domin kowanne yana da nasa rabe-raben.

6.0 KAMMALAWA

An nuna a wannan maƙala cewa Hausa ta bambanta suka da nasiha da habaici da zambo da zagi da ƙazafi da giba, kuma daga wannan bambanci ana iya fitar da ƙa'idoji biyar ga mai sukar leƙen asirin hukuma: ya rarrabe gani da ji, ya ambaci mai aiki, ya tsaya a kan aiki, ya kiyaye asirin wanda yake suka, ya kuma faɗi hujjar hukuma kafin ya auna ta. An kuma nuna cewa kiyaye waɗannan ƙa'idoji nauyi ne a kan mai magana da jama'arsa, rashin kiyaye su kuwa bai isa dalilin ɗauri ba sai an shiga haddin ƙazafi. Mutumin Akurba da ya tambayi wa ke riƙe da bayanan layinsa, da iznin wa, haƙƙinsa na sashe na 37 yake nema, kuma harshen da yake magana da shi ya tanadar masa yadda zai nema ba tare da ya ci mutuncin kowa ba.